"Umuntu ngumuntu ngabantu": da me Bahaushe zai mayar da ita?

Malam Sabo: Assalamu alaikum. Karin maganar yau ta Zulu ce, daga Afirka ta Kudu: "Umuntu ngumuntu ngabantu." Ma'anarta a sarari, mutum yana zama mutum ne ta hanyar mutane. Da ita ake bayanin kalmar nan ubuntu da masu fassara ke ta kokawa da ita. Shin muna da takwararta a Hausa?

Hajiya Talatu: Wa alaikumus salam, Malam. Ai muna cewa "mutum rahama ne." Ita kuwa ubuntu, ni a ganina mutunci ce kawai.

Ɗan Maraɗi: Hajiya, a gafarce ni, ban yarda da mutunci ba. Mutunci abu ne da kike da shi a idon jama'a, kike tsaron sa, shi ya sa ake cewa madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Mutum zai iya kame kansa a gida, bai cuci kowa ba, bai kuma amfani kowa ba, a ce mai mutunci ne. A maganar Zulu, irin wannan bai cika mutum ba tukuna.

Ummi: Baba Ɗan Maraɗi ya yi gaskiya. A harshensu umuntu shi ne mutum, abantu mutane, ubu- kuma yana yin aikin da -taka ke yi mana a "jarumtaka." In ana bin ginin kalma, mutuntaka ce. Sai dai su kansu masu abin ba su fassara ta ba. Kundin tsarin mulkin Afirka ta Kudu na wucin gadi na 1993, a sashen da ya yi maganar sulhu, ya ce ƙasar tana buƙatar fahimtar juna maimakon ramuwar gayya, tana kuma buƙatar ubuntu. A tsakiyar Turancin aka bar kalmar yadda take. A 1995 da kotun tsarin mulki ta soke hukuncin kisa, wasu daga cikin alƙalan sun kafa hujja da ita. Desmond Tutu, babban limamin Kirista na ƙasar, shi ma ya sha ambaton ta lokacin da ya jagoranci hukumar binciken gaskiya da sulhu. Wa ya taɓa jin an kafa hujja da mutuntaka a gaban alƙali?

Hajiya Talatu: To 'yata, "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" fa?

Liman Garba: Hajiya, wannan maganar aiki ce, wato kina buƙatar mutane don jinka ta hau kan ɗaki. In ta hau, kowa ya kama gabansa. Ni abin da ya fi kusa ba ma karin magana ba ne, furucinmu ne na yau da kullum. Aka yi rasuwa a unguwa, gidan mamacin ba a hura wuta, sai ki ga kwanuka suna shigowa daga maƙwabta, wannan tuwo, wancan koko da ƙosai, wani ya turo tabarmi da buta. A ce akwai mai hali a layin da bai leƙo ba, bai aiko ba, bai bi gawa ba. Me ake cewa? "Ai wane ba mutum ba ne." Ga shi da ido da hanci, amma an cire shi daga sahun mutane. Wanda ya tsaya kuwa, a ce "kai, wane mutum ne." Muna da ma'anar sarai, suna ɗaya ne ba mu raɗa mata ba.

Abdul Sabon Gari: Allah gafarta Malam, maganarka ta shige ni. Amma akwai abin da ke ci mini rai. A watan Mayun 2008 an kashe mutum sama da 60 a hare-haren ƙin jinin baƙi a Afirka ta Kudu. A 2019 har jirgi aka tura ya kwaso 'yan Najeriya. Ina ubuntu ta shiga a lokacin? Su waye "mutanen" da karin maganar ke nufi, 'yan gida kaɗai?

Ummi: Yaya Abdul, abin da ciwo, kuma 'yan ƙasar da yawa sun yi amfani da wannan kalmar wajen yin tir da hare-haren. Mu ma muna cewa "baƙonka annabinka," amma ba kowane gida ke karrama baƙo ba. Karin magana ma'auni ce, da ita ake gane wanda ya gaza.

Ɗan Maraɗi: Shawarata a bar ta ubuntu. Mun taɓa yin haka. Pulaaku na Fulani ya haɗa kunya da haƙuri da hankali, babu kalmar Hausa ɗaya da ta ɗauke su, sai muka karɓe ta muka ce fulako.

Liman Garba: Amma dubi abin da ya same ta a bakinmu, ɗan'uwa. Yau in an ce yarinya tana fulako, ana nufin ta ƙi cin abinci a gidan surukai. Haƙurin da hankalin duk sun zube a hanya. Fulani muna cuɗanya da su kullum ke nan, balle Zulu. Ni dai in zan bayyana wa almajiraina, zan kawo musu misalin gidan rasuwa, in tambaye su me ake ce wa wanda bai zo ba.

Malam Sabo: Hajiya, har yanzu kina kan mutunci?

Hajiya Talatu: Na sauka daga kan mutunci, Malam. Amma "mutum rahama ne" ba zan sake ta ba.