Tun rasuwar Innarmu na kasa dafa fate, ya zan yi?

'Yar Kwarbai:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema. Innarmu ta rasu wata biyar kenan, kuma tun daga ranar ko yakuwa na gani a tallar 'yan mata sai gabana ya faɗi. Duk Juma'a faten tsaki take yi a babbar tukunya, da yakuwa da gyaɗa da daddawa, ta zuzzuba a kwanuka mu kai maƙwabta har gida bakwai, ni ce mai kai na tsohuwar da ke ƙarshen layi tun ina firamare. Satin da ya wuce na je kasuwar birni na sayo komai, na wanke tsaki, ruwa na tafasa ƙamshin daddawa ya taso, wallahi kawai na zauna a ƙasan kicin ina kuka har ruwan ya ƙone. Ƙannena sai tambaya suke yaushe za a yi faten Inna. In daure in yi ne ko in bari tukuna?

Maman 'Yan Biyu, Tudun Wada:
Wa alaikumussalam. Allah ya jiƙan Inna, ya kai haske kabarinta. Ƙanwata ni na san wannan abin. Da maigidana ya rasu na yi takaba wata 4 da kwana 10, abinci sai dai a ajiye a ɗauke, ko cokali uku ba na yi, shi mutum ne mai son miyar kuka da man shanu, to na fi shekara ban kaɗa kuka ba a gidana. Yayarsa ce ta zo wata Alhamis da wake kwano biyu ta ce tashi ki surfa, gobe za mu yi masa sadakar ƙosai. Ina surfe ina hawaye, ita kuma tana ba ni labarin ƙuruciyarsa, yadda yake satar ƙosan kakarsu yana ɓoyewa a aljihu mai ya ɓata masa riga, ban san sanda na yi dariya ba. Da safe almajirai suka cika ƙofar gida, wani ɗan ƙarami ya karɓa da hannu biyu ya ce Allah ya jiƙan mai shi. Ranar na ci abinci na ƙoshi. Abin da zan ce miki kada ki shiga kicin ɗin nan ke kaɗai, ki kira ƙanwar Inna ko aminiyarta, ke kina gyaran yakuwa ita tana dakan gyaɗa, in kukan ya zo ku yi abinku tare.

Malamin Islamiyya, Samaru:
Allah ya gafarta mata. Abinci da baƙin ciki ai addini bai bar su ba. Lokacin da Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Annabi (SAW) ya umarci a dafa wa iyalansa abinci saboda abin da ya same su ya shagaltar da su. Nana A'isha kuma in an yi mutuwa a danginta takan sa a dama talbina, wato kunun garin sha'ir, ta ce ta ji Annabi yana cewa tana sanyaya zuciyar mara lafiya tana rage wani ɓangare na baƙin ciki, wannan yana cikin Bukhari da Muslim. Ki yi faten da niyyar sadaka gare ta, ladan ciyarwa yana isa ga mamaci in sha Allah.

Nas, Sabon Gari:
Ni dai ban goyi bayan a ce ki tilasta wa kanki ba. Wata biyar ai jiya ne. Ki fara da abin da ba nata ba, ko ɗan wake ko dafa-duka. Amma in har ba kya barci, ba kya ci, kina ramewa, ki je ki ga likita, ba rashin tawakkali ba ne.

'Yar Kwarbai:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti Maman 'Yan Biyu na bi shawararki, jiya Juma'a na kira Gwaggo ta zo tun hantsi. Ashe Inna ungurnu kaɗan take jefawa a yakuwar don tsamin ya faɗa, kuma gyaɗar sai tsaki ya kusa nuna take zubawa, shekara nawa ina tsaye kusa da ita ban taɓa lura ba. Mun yi kuka kam, Gwaggo ma ta fi ni. Faten ya ɗan yi kauri, bai kai nata ba gaskiya, amma ƙannena sun sha har da ƙari. Na ɗauki kwanon nan mai murfi shuɗi na kai wa tsohuwar ƙarshen layi, tana buɗewa ta yi shiru, can ta ce zauna mu sha tare, ta miƙo min ludayi. Sai bayan la'asar na dawo gida, ta ce in bar kwanon za ta aiko jikanta da shi.