Muhawara: Shin Haddar Ƙamus Ce Ke Gina Turancin Ɗalibi?

Mahaifin ɗalibi: Assalamu alaikum malamai. Ni dai ra'ayina ɗaya ne. Yaron da zai zauna WAEC da JAMB a ɗora masa manyan kalmomi 10 kullum daga ƙamus, ya haddace su da ma'anarsu. Kafin shekara ta zagayo ya tara sama da 3,600. Haka aka yi mana, kuma haka na sa ɗana yake yi bayan sallar asuba.

Malamar Turanci: Wa alaikumus salam, Alhaji. Lissafin ya yi kyau a takarda, amma don Allah ka kira yaron yau ka tambaye shi kalmomin watan jiya. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa abin da aka haddace ba a koma kansa ba, mafi yawansa yana zubewa ne tun a kwanakin farko. Ko ma ya tuna, sanin ma'ana daban, sanin inda kalma ke zama daban. Wata ɗalibata ta so ta ce a gyara musu rijiyar burtsatse, sai ta rubuta "ameliorate the borehole", har ta ja layi a ƙarƙashi don in gani. Ma'anar ta riƙe daidai, sai dai kalmar da halin rayuwa take tafiya, ba da famfo ba. Na ji tausayinta da na sa jan biro, domin ta yi wahala.

Malamin Islamiyya: Malama, kada a raina hadda. Mutanenmu suna riƙe Alƙur'ani izu 60 a ka. Sirrin ba komai ba ne illa tilawa: almajiri ba ya wanke allo sai karatun ya zauna, kuma kullum yana komawa na baya. Laifin ba na hadda ba ne, na rashin bita ne.

Malamar Turanci: Gafarta Malam, ai ka kawo mini hujja. Mahaddaci aya yake ɗauka cikin sura, kowace kalma da maƙwabtanta. Da yaron Alhaji jimla yake haddacewa, da ban ce uffan ba.

Ɗalibin jami'a: Baba Alhaji, da izininka. Tambayar da ba a yi ba ita ce, waɗanne kalmomi? Ƙamus ba ya gaya wa yaro wadda zai gamu da ita gobe da wadda ba zai taɓa gani ba har ya tsufa. A shekarar 2000 Averil Coxhead, malama a jami'ar Victoria da ke Wellington, ta tace littattafan karatun jami'a ta ware kalmomin yau da kullum gefe, ta fitar da tushen kalmomi 570 da suka fi yawo a cikinsu, kowanne da 'ya'yansa. Irin su analyse, establish, significant. Ba su da ƙarar da za ta burge mutane a wajen taro, amma su ne suka riƙa tare ni a shekarar farko, a kowane darasi. Ni a manhajar Anki na zuba su, kowace da jimlarta. Wadda na sani sai ta jima ba ta dawo mini ba, wadda na manta gobe ma sai na gan ta.

Tsohon mai duba takardun WAEC: Bari in sa baki. A insha'i kalmomi 450 ake nema, kuma ana duba abin da yaro ya faɗa, da tsarinsa, da yadda ya furta shi, da tsabtar rubutu. Babbar kalmar da aka rubuta ba daidai ba, ko aka cusa inda ba ta dace ba, rage maki take yi. Yaron da ya yi Turanci mai sauƙi ba kuskure yakan wuce mai fasa ƙamus. Amma fa Alhaji bai yi kuskure gaba ɗaya ba. A tambayoyin zaɓi, na WAEC da na JAMB, akwai neman kalma mafi kusa a ma'ana da neman kishiya. A nan wanda ya san kalmomi da yawa shi ke tsira.

Mahaifin ɗalibi: Yawwa, Allah Ya saka da alheri, ranka ya daɗe.

Malamar Turanci: Yawan ma daga karatu yake zuwa, Alhaji. Paul Nation, masanin koyar da harshe, ya ƙiyasta cewa mai karatu yana buƙatar sanin kashi 98 cikin 100 na kalmomin shafi kafin ya fahimta ba tare da taimako ba, kuma karanta jarida ko littafin labari haka yana neman tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Wa zai haddace wannan ɗaya bayan ɗaya? Sai dai yaro ya fara da littafin da ya yi daidai da ƙarfinsa, ya yi ta cin karo da kalma a wurare daban-daban har ta zama tasa.

Malamin makarantar ƙauye: Malama, maganarki gaskiya ce, amma ina littattafan? Ɗakin karatunmu kujerun da suka karye ne a ciki. Ƙamus ɗaya muke da shi, bangonsa ma ya cire, yana cikin durowar shugaban makaranta. Yarana ba su da wayar da za su sa Anki. In na rubuta kalmomi a allo suka kwafa, aƙalla sun koma gida da wani abu. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin jarrabawa ɗaya za su rubuta da 'yan birni.

Malamar Turanci: Na fahimce ka, Malam, kuma ban ce ka daina rubutawa a allo ba. Ka nemi tsofaffin jaridun Turanci, ko a wajen mai tsire ana samu, ka yanko labari guda, ku karanta tare, kalmomin ranar su fito daga cikinsa. Tsofaffin takardun jarrabawa ma cike suke da nassoshin karatu. Sai kowane yaro ya gina jimlarsa a kan kasuwar garinku ko gonar babansa.

Malamin makarantar ƙauye: Da aji mai cunkoso irin nawa, wa zai duba jimlolin nan duka?

Malamin Islamiyya: A haɗa su biyu-biyu su duba na juna, kai ka zagaya.

Mahaifin ɗalibi: Ni dai hadda ba zan ɗauke masa ba. Amma kai ɗalibin jami'a, turo mini jerin nan na 570 in buga masa a takarda. Malama, in na rage zuwa 5 a rana, kowace da jimlarta, za ki yarda?

Malamar Turanci: In zai karanta shafi biyu na labari kafin ya kwanta, na yarda da 5 ɗin.