Abin da dilolin Maradi suka tsayar kan labarin hanya

Da aka rufe iyakar Najeriya a 2019, aka sake rufe ta a 2023, dilolin Maradi sun ji jiki. Kamiyo ya kwana bakwai a Ɗan Isa, garin bakin iyaka, da albasa tana tsiro cikin buhu, alhali wani a kasuwa ya san hanyar ta toshe, ya yi gum don kada abokin gasa ya riga shi.

Wannan ne ya zaunar da mu diloli, manya da yara. Shawarar da ta fi ƙarfi: labarin hanya na kowa ne. Gada ta karye, 'yan duwan sun canza takarda, ɓarayi sun tare wajen Jibiya, a faɗa nan take a WhatsApp, da murya, saboda direbobin da ba su karatu. Mai faɗa ya ambaci lokaci da wanda ya gani da ido, don jita-jita ta sha jawo asara.

Farashi da sunan mai saye kuwa, kowa ya riƙe nasa. Wani dattijo ya ƙara da cewa: "Alhaji, in motarka da sauran wuri, ɗauko kayan ɗan'uwanka, ku raba kuɗin gazuwal." Na goyi bayansa sosai.