Ƙashin kafaɗa ya taso amma an ce ba karaya, yaya abin yake?

Abu_Hanif:
Salam jama'a. Ƙanina ya faɗi a kan kafaɗarsa wajen ƙwallo, yanzu ƙarshen ƙashin nan da ya taso daga ƙirji ya yi tudu a saman kafaɗar. An yi eksire likita ya ce babu karaya, wai ligamen ne ya tsinke. To don Allah ta yaya ƙashi zai taso haka kuma bai karye ba?

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Ɗan uwa ligamen jijiya ce mai tauri da ke ɗaure ƙashi da ƙashi, ita kuma ba ta fita a eksire. Ƙashin da kake faɗa sunansa kilabikul, yana haɗuwa da allon kafaɗa a wata 'yar gaɓa can sama, akwai ligamen da ya naɗe gaɓar amma masu ɗaukar nauyin na gaske guda biyu ne a ƙasa, konoid da tirafizoid, sun taso daga wani ƙugiyar ƙashi a gaban allon mai suna korakoid suka kama kilabikul. Allon da hannun duka a jikinsu suke rataye, idan suka tsinke nauyin hannu sai ya ja kafaɗar ƙasa, shi ya sa kake ganin kamar ƙashin ne ya hau, alhali galibi kafaɗar ce ta sauka.

Abu_Hanif:
Ikon Allah, na gode Hajiya. Kenan sai tiyata?

Sadiq_Fisiyo:
Ba lallai ba malam. Likitocin ƙashi suna bin tsarin Rockwood na auna girman raunin, mataki 6 ne. A na 1 da na 2 konoid da tirafizoid ba su tsinke ba, rataye hannu a wuya da hutu da motsa jiki a hankali sun isa. Na 3 duk sun tsinke kuma har yanzu likitoci na da saɓani a kai, da yawa suna fara gwada magani ba tiyata. Daga 4 zuwa 6 ne yawanci ake shiga tiyata. Ku tambayi likitan wane mataki ne, kuma kar kowa ya danna ƙashin wai zai mayar da shi, ba abin da zai riƙe shi a wurin.

Maman_Ilham:
Kuma kar a haɗa shi da gocewar kafaɗa, ita gocewar a gaɓar ƙasa ce inda kan ƙashin damtse ke shiga allon, ligamen ɗinta uku daban ne.