Karrama wanda ya riga ya yi suna: girmamawa ce ko aron suna?

Malam Nafi'u: Jama'a, ga wata magana, kuma na san ba kowa ne zai bi bayana ba. A Amurka akwai ƙungiyar mata masu karatun kiɗa da waƙa, sunanta Sigma Alpha Iota, ana taƙaita shi SAI. Mata bakwai ne suka kafa ta ranar 12 ga Yuni 1903 a makarantar kiɗa ta Ann Arbor, jihar Michigan. Tana da al'adar ɗauko fitattun mawaƙa da makaɗa ta naɗa su mambobin girmamawa, irin su Louise Homer da Lily Pons da Myra Hess. Ni a wurina wannan aron suna ne kawai. Louise Homer tun 1900 take waƙa a gidan opera na Metropolitan da ke New York, wato kafin a haifi ƙungiyar ma. Lily Pons kuwa tana raye aka sa wa wani ɗan ƙauye a jihar Maryland sunanta. Me bajen ƙungiyar ɗalibai zai ƙara wa irin waɗannan? Ƙara wa Barno dawaki ne. Ƙungiyar kanta take karramawa, ba su ba.

Baban Khalifa: Malam ya fito da shirin faɗa tun kafin a karya kumallo.

Anti Rakiya: Nafi'u, ko da aron ne, ina laifin? Ka dubi shekarar da ka ambata da bakinka. A 1903 macen Amurka ko ƙuri'a ba ta da ita a yawancin jihohi, sai 1920 aka ba su gaba ɗaya. Maza suna da tasu ƙungiyar kiɗan, Phi Mu Alpha Sinfonia, tun 1898 a Boston. 'Yan mata bakwai sun haɗa kai a ƙaramin gari, ba kuɗi, ba wanda ya san su. Idan mace kamar Homer ta amsa gayyatarsu ta ce ni taku ce, ai ta ba su abin da ba za su iya saye ba. Uban da yake ganin karatun kiɗa ɓata lokaci ne ga 'yarsa zai sake tunani idan ya ga sunan da ke jikin takardar.

Malam Nafi'u: To ai kin faɗi abin da na faɗa, Anti. Ita ta ba su, ba su suka ba ta ba. Sai a daina kiran abin karramawa.

Anti Rakiya: A'a, kada ka cusa mini magana a baki. Akwai bambanci tsakanin tafin 'yan kallo da shaidar abokan sana'a. 'Yan kallo sun biya kuɗin tikiti, gobe wata za su tafa wa. Amma matan da suka san wahalar abin, suka san awa nawa ake yi ana maimaita layi ɗaya, su ce ke ce abin koyinmu, wannan ba a sayar da shi a ƙofar shiga. Myra Hess da ka kawo, lokacin yaƙin duniya na biyu da aka rufe gidajen wasa a Landan, ita ce ta shirya kiɗan rana a National Gallery, bayan an kwashe zane-zanen an ɓoye saboda bamabamai. Daga 1939 har 1946 ana yi, wasa kusan 1,700, ma'aikata suna shigowa lokacin cin abincin rana su biya sule ɗaya. Mai irin wannan hali kana jin za ta raina shaidar ɗalibai mata?

Sadiya: Ni kuma wani wuri abin ya ɗaure mini kai. Ƙungiyar mata ce zalla, amma tana karrama maza. Suna da matsayin da suke kira National Arts Associate da kuma Friend of the Arts, duka biyun namiji yana iya samu. Mazan da suka tare ko'ina, a kuma biyo su da lambar yabo har cikin ɗakin mata? Babbar ƙungiyar makaɗa ta Berlin sai 1982 ta ɗauki mace ta farko. Ta Vienna sai 1997 ta yarda mace ta zama cikakkiyar mamba, ita ma Anna Lelkes ce, wadda ta shafe shekaru sama da 20 tana yi musu kiɗa ba a lissafa ta a cikinsu.

Baban Khalifa: Ƙanwata, a bar mu mu ma mu ɗan lasa mana. Ba duka muka taru muka zama ɗaya ba.

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Yanzu na tashi na tarar da saƙonni sun taru, mu nan Amurka gari bai daɗe da wayewa ba. Bari in faɗi abin da idona ya gani, don 'yar maƙwabciyata tana cikin reshen SAI na jami'arsu, tana karatun koyar da kiɗa. Maganar Allah, a rayuwarsu ta yau da kullum ba ruwansu da manyan sunayen nan. Aikinsu shi ne tsayawa a ƙofar zaure ranar da ɗalibi zai yi wasan jarrabawarsa, su raba takardar jadawali, su jera kujeru, su kwashe bayan an tashi. Suna soya kek su sayar a harabar makaranta don tara kuɗi. Na taɓa raka uwar ɗaukar ta, na tarar da su zaune a ƙasa sun baje tsofaffin kayan busa da mutane suka kawo sadaka, suna gogewa, suna duba wanda ya fashe, suna liƙa takarda a jikin kowane akwati. Wani akwatin ma da igiyar takalmi aka ɗaure shi don makullin ya lalace. Shirin suna kiran sa People-to-People, ana tura kayan kiɗa da littattafai zuwa makarantun wasu ƙasashe. Akwai wani kuma, Bold Notes, da suke buga rubutun kiɗa da manyan baƙaƙe saboda masu raunin gani.

Sadiya, game da maza: sau da yawa wanda suke ba Friend of the Arts malaminsu ne na sashe, ko wani mai taimakon reshen. Hanyar godiya ce ga wanda ba zai iya zama mamba ba. Ba ya kaɗa ƙuri'a, ba ya riƙe muƙami.

Sadiya: Na ji, Maman Ilham, amma godiya daban, lambar ƙasa daban. Wanda aka ba National Arts Associate ai ba jera kujeru ya taya su ba.

Yaya Habu: A nan sai an kawo doka, don ita ta raba ƙungiyoyin nan gida biyu. A 1972 Amurka ta yi dokar da ake kira Title IX, wadda ta hana wariyar jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Ƙungiyoyin sana'a na ɗalibai suka shiga tsaka mai wuya. Mu Phi Epsilon, wadda aka kafa a Cincinnati a Nuwamban 1903, watanni biyar kacal bayan SAI, ta buɗe ƙofa ga maza a 1977. Delta Omicron, ta 1909, ita ma daga Cincinnati, ta bi sahu a 1979. SAI ta nemi a keɓe ta, aka keɓe ta, har yau mata ne kaɗai ke shiga a matsayin mambobi. Saboda haka idan ana maganar wadda ta bar wa maza wuri, SAI ce ta fi kowa riƙe ƙofarta. Lambar yabo kawai take miƙa musu ta taga.

Malam Nafi'u: Duk na ji, amma ba wanda ya taɓa gundarin maganata. Wa ke buƙatar karramawa? Ga Florence Price, mai tsara kiɗa. A 1933 ƙungiyar makaɗa ta Chicago ta kaɗa simfoninta na farko, wato dogon kiɗan da ake tsara wa babbar ƙungiyar makaɗa, ita ce baƙar mace ta farko da wata babbar ƙungiyar makaɗa a Amurka ta yi wa haka. Bayan shekara goma tana rubuta wa Serge Koussevitzky, jagoran makaɗan Boston, wasiƙa tana roƙon ya duba aikinta, tana gaya masa abu biyu ne ke ja mata baya, kasancewarta mace da launin fatarta. Ta rasu a 1953. Sai a 2009 wasu masu gyaran wani kango a St. Anne, jihar Illinois, suka tsinci tarin rubuce-rubucen kiɗanta a cikin gidan da aka yi watsi da shi. Irin wannan matar ce hannu ɗaya zai ɗaga. Ita kuwa mai cika zaure, ko an ba ta ko ba a ba ta ba, tana nan inda take.

Anti Rakiya: Labarin Price yana da ciwo, ba musu. Amma kana ɗora wa ƙungiya ɗaya laifin ƙasa guda.

Malam Nafi'u: Ban ce SAI ce ta hana ta ba. Cewa na yi kasancewar ƙungiya ta mata ba ya nufin adalci ya sauka. A 1939 ƙungiyar mata ce, Daughters of the American Revolution, ta hana Marian Anderson waƙa a zaurenta na Constitution Hall saboda baƙa ce. Eleanor Roosevelt, matar shugaban Amurka na lokacin, ta fice daga ƙungiyar a kan haka, aka mayar da wasan filin Lincoln Memorial, mutum kimanin 75,000 suka hallara. Kuma wa ya tallafa wa Anderson tun ba kowa ba ce? National Association of Negro Musicians, da aka kafa a Chicago a 1919, ita ta ba ta tallafin karatu na farko da ƙungiyar ta taɓa bayarwa. Wannan ita ce karramawar da nake girmamawa, wadda ta zo kafin suna. A ranar Lincoln Memorial ɗin ma da waƙar da Price ta tsara Anderson ta rufe taro.

Baban Khalifa: Malam, da wannan ma'aunin naka, digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata a 1988 shi ma aron suna ne? Don kafin nan ba lungun da bai san Shata ba.

Malam Nafi'u: Shata bai zama Shata don an ce masa Dakta ba.

Anti Rakiya: Amma makaɗi ya zama abin da jami'a ke cire wa hula, a ƙasar da ake yi wa maroƙi kallon raini. Ba Shata kaɗai aka ɗaga ranar ba, duk mai rataya kalangu ya samu rabonsa. Kai kana auna abin da mutum ɗaya ya samu, ni ina auna abin da sana'ar ta samu.

Maman Ilham: Kuma Malam, kana magana kamar zaɓi ne tsakanin biyu, alhali suna yin duka. SAI tana ba ɗalibai tallafin karatu. Tana da gasar tsara sabon kiɗa, Inter-American Music Awards, inda ake buga aikin wanda ya ci. Ita ta gina Pan's Cottage a MacDowell, wurin nan na Peterborough a jihar New Hampshire da Marian MacDowell ta kafa a 1907 don masu fasaha su samu inda za su keɓe su yi aiki. Fitattun masu tsara kiɗa irin su Aaron Copland da Leonard Bernstein da Amy Beach duk sun zauna a MacDowell sun yi rubutu. Kuɗin irin waɗannan ayyuka daga aljihun tsofaffin mambobi da masu ba da gudummawa yake fitowa, kuma kowa ya san mai bayarwa ya fi sakin hannu idan ya ga sunan da ya sani. Sannan ba duk manyan sunayen ne aka ɗauko daga waje ba. Sheryl Crow ta shiga SAI tana ɗaliba a Jami'ar Missouri, ta fito ta koyar da kiɗa a firamare, daga baya ne ta ci kyautar waƙa ta Grammy har tara. Wannan ai ba aro ba ce, tasu ce tun tana ƙwai.

Malam Nafi'u: Crow na yarda tasu ce, shi ya sa ban sa ta a lissafina ba. Sauran bayanin naki kuwa, Hajiya, hujjata kika ƙarfafa: babban suna ƙugiyar jawo kuɗi ce. Aiki ne mai kyau, ban ƙi ba. Amma a kira shi talla.

Sadiya: Ni dai har yanzu maganar maza ce ba ta kwanta mini ba. Sai 1983 mace ta fara cin kyautar Pulitzer ta kiɗa, Ellen Taaffe Zwilich. Sai 2007 mace ta fara jagorantar ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin makaɗan Amurka, Marin Alsop a Baltimore. Layin matan da ke jira bai ƙare ba, balle a ce lambobin sun yi yawa an rasa wanda za a ba.

Yaya Habu: To yanzu an samu ɓangare uku: Malam ya ce talla ce, Anti ta ce sana'a ake ɗagawa, Sadiya ta ce a bar wa mata kayansu. Baban Khalifa, kai kana ina?

Baban Khalifa: Ni ina wajen masu soya kek. Maman Ilham, nawa suke sayar da ɗaya?

Anti Rakiya: Nafi'u, tambaya ɗaya kafin in shiga kicin. Ranar da ɗalibanka na da suka haɗa kuɗi suka kira ka walima suka ba ka allon yabo, wanda har yau yake rataye a falonka, mayar musu ka yi ka ce talla suke yi da sunanka?

Malam Nafi'u: Anti, ni ai ba a sa wa ƙauye sunana ba.