Raha a cikin aji: me kuka gani da idonku?

Malamin aji uku, wajen Ringim:
Assalamu alaikum malamai. Yarana sun haura 80, wasu a benci, wasu a tabarma. Da an dawo daga tara rana ta take, sai ka ga kawuna suna langaɓewa, musamman da damina da wasu sai sun leƙa gona kafin su zo. Ranar da zan koyar da rabawa na ce musu Gizo ya sayo ƙosai 12, su uku za su ci, shi da Ƙoƙi da baƙo. Ya ba Ƙoƙi biyu, ya ba baƙo biyu, ya ja sauran gabansa. Aji ya kaure da dariya. Wata yarinya da tun farkon zango ban ji muryarta ba ta miƙe ta ce, "Malam, cuta ce wannan, hurhuɗu za su samu!" Wallahi har yau ina jin daɗin ranar. Ku ma ku ba mu naku.

Malama daga Dambatta:
Wa alaikumus salam Malam. Ni da karya harshe nake koyar da k da ƙ. Sai in ce kowa ya maimaita da sauri: ƙato ne zai ƙwace wa kwaɗo ƙoto, ko kwaɗo ne zai ƙwace wa ƙato ƙoto? Harshe ya harɗe, su yi ta dariya har da riƙe ciki. Daga nan kowa ya fito allo ya nuna wace ce mai lanƙwasa. K ɗin "kwaɗo" da ta "ko" ne kaɗai ba su da lanƙwasa, kuma yaran ba sa mantawa.

Tsohon hedimasta, ƙasar Gumel:
'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka, amma bari in faɗa muku abin da ya same ni. Na fara koyarwa lokacin UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976. Akwai wani yaro Bafulatani da ke takowa daga rugarsu kullum, tafiya mai nisa, da 'yar gorar ruwansa a rataye. Ni kuwa jinin Barebari ne, kun san wasan da ke tsakaninmu da Fulani. Wata rana yana karatu ya karya wata kalma da harshensu, sai na kwaikwaye shi, na ƙara da tsokanar da muka saba yi da iyayensa a kasuwa. Iyayensa in na yi musu, ramawa suke yi. Shi yaro ne, a gaban sa'o'insa, ba shi da bakin rama wa malaminsa. Kafin a tashi kalmar ta zama sunansa a bakin yara. Washegari bai zo ba, jibi ma haka. Sai da na hau keke na je rugar, na zauna da mahaifinsa a gindin wata tsamiya na ba da haƙuri.

Malamin Islamiyya, Gaya:
Baba, Allah ya saka da alheri. Manzon Allah (SAW) yana raha da yara, har yakan tambayi ƙanen Anas labarin ɗan tsuntsunsa, amma ya ce ba ya faɗin komai sai gaskiya. Aya ta 11 a Suratul Hujurat kuma ta hana izgili da jifan juna da laƙabi. Ni ma ina ba dariya a aji, sai dai a kan Gizo ko kura nake ɗora ta, ba a kan ɗan kowa ba.

Malamin aji uku, wajen Ringim:
Baba, yaron ya dawo kuwa?

Tsohon hedimasta, ƙasar Gumel:
Ya dawo bayan mako biyu, ɗana. Na hana a kira shi da sunan nan, aka daina. Amma har shekarar ta ƙare bai sake ɗaga hannu a ajina ba, kuma shi ne ya fi kowa iya lissafi.