Kontabul ya ƙi sa kuɗin Hilux ɗina cikin lissafin impo

Mai Hilux: Assalamu alaikum ƴan uwa, raina a ɓace yake. Shinkafa, sukari da man girki nake kaiwa daga Tahoua zuwa Abalak da kasuwannin ƙauye. Bara na sayi tsohuwar Hilux na ƙera ta yadda nake so. Na ɗaga ta, na ƙara resor, na sa tankin gazuwal na biyu da karagar ƙarfe a baya, sai janti masu ƙyalli, fenti da sunan shagona, da manyan sifikoki. Sama da miliyan 4 na sefa. Yau kontabul ɗina, mai riƙe mini lissafin kuɗi, ya ce rabin kuɗin ba za a cire shi daga riba ba kafin a yanka impo, wato haraji. Da motata, da gumina! Wannan ba zalunci ba ne?

Bakanike daga Yamai: Alhaji, Allah ya huci zuciyarka, amma ba ƙera ta ka yi ba. Toyota ce ta ƙera, kai gyara ka yi.

Mai walda: Mi kake nufi, maigida? Karagar ga da hannu anka yanke ta, anka lanƙwasa, anka ɗinke da wuta. In wanga ba ƙira ba ne, mi ne ne?

Bakanike daga Yamai: Ka ƙera karaga, na yarda. Injin fa? Shasi fa? Buɗe kart giriz, takardar rajistar motar, ka karanta sunan kamfanin da ke ciki.

Mai walda: Haka kuke ku mutanen Yamai, aikin Ader bai taɓa cika muku ido ba. Ku da sai kun tafi kasuwar Katako kun tono tsohon ƙarfe.

Kontabul (ba nasa ba): Alhaji, bari in ba ka amsar da ka nema. Impo a kan riba kashi 30 cikin 100 ne, shi ya sa kowa ke son ya ƙara abin da zai cire. Amma sai kuɗin da aka kashe don amfanin sana'ar, kuma da faktir, wato takardar shaidar kuɗin aiki, mai lambar NIF (lambar rajistar impo) ta wanda ya yi aikin. Resor, tanki da karaga suna da hujja, hanyar Abalak kowa ya san ta. Fentin sunan shago talla ne. Janti da sifikoki kuwa, ka gaya mini buhu nawa suke ƙara wa lodi? Sannan abin da ya ƙara wa mota daraja ba a cire shi a shekara guda, raba shi ake yi a kan shekarun da za ta yi aiki. Kuma motar da sunan wa take, naka ko na kasuwancin? Da ita ake kai yara makaranta?

Hajiya mai atamfa: Wane mai walda ne a garin nan ke ba da faktir? Ɗana, a bayan kwalin sigari suke rubuta maka kuɗi.

Mai walda: Hajiya, ki yi mana adalci. In na sa TVA, harajin da ake ɗorawa kan farashi, kashi 19 a kan aiki, ke ce ta farko da za ki ce na yi tsada.

Hajiya mai atamfa: Ƙofar shagona da aka yi mini wata uku ta yi ta ɓalle. A fara gyara aiki tukuna.

Mai walda: Ba ni na yi ta ba!

Direban Konni: Duk wannan tsadar kayan mota tun 2023 ne, da aka rufe iyakar Benin. Kaya sai sun zagayo ta Lome da Burkina.

Wani ɗalibi: Kawu, kar ka kawo siyasa nan. Ƙasa ta fi resor.

Direban Konni: Yaro, ka taɓa sayen taya da kuɗinka?

Bakanike daga Yamai: Ni dai maganata tana nan. Ko amalanken jaki in ka sa masa tayar mota ba ka ce ka ƙera mota ba.

Mai Hilux: Wato motata kake kira amalanke? Ka zo Tahoua ka gan ta da buhu 20 tana hawan tudu!

Kontabul (ba nasa ba): Alhaji, ba ka amsa ni ba. Wane tsari kake ciki? In impo santetik kake biya, wato dunƙulallen impo irin na ƙananan ƴan kasuwa, ba a ma cire kuɗin kashewa ɗaya bayan ɗaya.

Mai walda: Bakanike ya janye kalmar amalanke tukuna.

Shugaban zaure: To ya isa haka. Na karanta duka, kuma abin da na fahimta shi ne mafi yawanmu mun yarda Alhaji ƙera motarsa ya yi, kuma masu waldar Tahoua ba su da na biyu. Shi kansa kontabul ɗin zauren nan ya amsa cewa resor, tanki, karaga da fenti na kasuwanci ne, ke nan an matsa wa Alhaji. Ni ma ɗan kasuwa ne, na san zafin a ce maka kayan aikinka ado ne. Alhaji, ka koma wurin mai waldarka ya nemo maka faktir. Bakanike kuma ka ba shi haƙuri kafin sallar isha'i, in ba haka ba zan cire ka daga zauren.